Allah Ya Ja Zamanin Ɗan Jaridar Waya

A duk sana'o'in da ake ci da su a zangunan Akra, babu mai albarka da sauƙin shiga irin aikin jaridar waya. Tela sai ya yi shekaru yana guga da ɗaura maɓalli a shagon maigidansa kafin a yarda ya riƙe almakashi. Yaron trotro sai muryarsa ta dushe da kiran fasinja kafin a bar shi ya taɓa sitiyari. Mai waakye ta bakin titin Nima ta san hayaƙin da ta sha a gindin tukunyar uwarta. Shi kuwa ɗan jaridar waya, tubarkalla, da hantsi yana majalisar ataya yana jiran zagaye na uku, da azahar ya gangara Tip Toe Lane a Circle ya sayo waya ta hannu, da la'asar ya raɗa wa kansa suna mai TV a ƙarshe, kafin a kira magariba ya zama shugaban kamfani, babban edita, wakili na musamman, kuma mai ɗaukar hoto. Wannan shi ne ci gaba, mai baƙin ciki kuwa sai dai ya haɗiyi zuciya.

To, ƙanena, kai da ka shiga sahu jiya-jiyan nan, barka da arziki. Na ga wasu dattawa suna taɓe baki, wai ba ka yi karatun aikin ba. Rabu da su. A 1959 gwamnatin Kwame Nkrumah ta buɗe makarantar koyon aikin jarida a nan Akra, tun daga ranar ake ɓata wa 'ya'yan mutane shekaru da darussa marasa kan gado. Wai kafin ka yaɗa zargi sai ka nemi wanda ake zargi ka ji ta bakinsa. Wai magana ɗaya sai ta samu shaidu biyu. Wai ƙaramin yaro ba a nuna fuskarsa. Wa ke da wannan lokacin? Kafin ɗan makaranta ya gama laluben lambar wanda ake zargi, kai ka tara dubban masu kallo, ka wuce kan mutum na gaba.

Ko a cikin namu na zango akwai waɗanda suka sha wannan wahala ta banza. Dubi Alhaji Umaru na Kete Krachi, wanda aka haifa a Kano a 1858, ya biyo hanyar fataken goro zuwa Salaga, yaƙin basasar 1892 ya tashe shi daga can, ya rasu a Krachi a 1934. Bawan Allahn nan ya zauna ya wallafa littafi sukutum a kan yadda ake rubuta wasiƙa kawai. Ya yi waƙoƙi da Hausa da Larabci a kan zuwan Nasara, a kan talauci da wadata, da annobar murar 1918. Abin da ya cuce shi alƙalamin kara ne: kowane 'yan kalmomi sai ya dakata ya tsoma a tawada, a cikin dakatawar nan kuma sai tunani ya samu ƙofar shiga. Kai Allah ya raba ka da wannan lalura, babban yatsanka ba ya tsayawa tsoma komai. Har gobe ana nazarin rubutun Alhaji Umaru a jami'ar Legon da jami'o'in Turai. To, sai me? Mabiya nawa gare shi?

Kayan aikinka ba su da yawa. Waya mai idon kyamara uku, ko da biyu na ado ne. Sanda mai ƙafa uku. Fitilar nan mai zobe da ke sa goshi sheƙi. Makirufo mai gashi, wanda ba dole ne ya zama yana aiki ba, tunda amfaninsa na gaskiya shi ne a cusa shi a bakin mutum ya ji kunyar yin shiru. Sai batirin ajiya saboda dumsor, kada wuta ta ɗauke ana tsakiyar faɗan kishiyoyi al'umma ta tafka asara. Mun ɗanɗani irin wannan asara ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka samu matsala, Ghana da maƙwabtanta suka koma shiru. Kwana da kwanaki mutanen Maamobi suna faɗa suna shiryawa ba wanda ya ɗauka. An yi aure, an yi suna, har rasuwa an yi, duk a banza. Allah kada ya maimaita mana.

Kanun labari kuwa ba sai ka wahalar da ƙwaƙwalwa ba, magabatanka na shekara biyu da suka wuce sun share maka hanya. Ka fara da "Da ɗumi-ɗumi", ko da labarin ya kwana bakwai. In ba ka da komai, "Innalillahi" da manyan baƙaƙe ta wadatar, ka ɗora hoton wani sanannen Alhaji, sai wanda ya shiga ciki ne zai gane ashe motarsa ce ta yi faci a hanyar Kasoa. Hawan jinin da ya tasar wa 'yarsa da ke aure a Kumasi ba laifinka ba ne, ita ta ƙi kallo har ƙarshe.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne, domin nan ne sabon shiga ke tuntuɓe. Akwai ragowar karatun makarantar allo da ke maƙale wa wasu a wuya. Suna tuna malam ya biya musu Suratul Hujurati, inda aka yi umarni da bin diddigin labari kafin a cutar da mutane cikin rashin sani, aka kuma hana bin ƙwaƙƙwafi da cin naman wanda ba ya nan. Suna tuna an ce malaman hadisi sukan yi tafiyar watanni don su tabbatar da wanda ya ji magana ɗaya daga bakin wa. Da irin wannan tsarabe-tsarabe ba za ka kai ko'ina ba. Kai ma ai kana da isnadinka, kuma mai ƙarfi: ka ji daga wani saƙon murya, wanda gwaggonka ta turo daga zauren matan unguwa na WhatsApp, ita ma ta samu daga wata ƙawarta da ke aikatau a Kuwait, wadda ta rantse da idonta ta gani a wayar wani. Wannan shi ake kira majiya mai tushe. In ka sanar da rasuwar mutum sai ga shi a sahun farko da asuba, kada ka karaya. Allah ne ya ba ka labari biyu a kuɗin ɗaya: "Wanda aka ce ya rasu ya magantu." Su GhanaFact da Dubawa za su zo bayan kwana biyu su rubuta da Turanci mai tsafta cewa ƙarya ce, kuma gwaggonka ba za ta taɓa ganin rubutun ba. An ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Kai ai furen kake sayarwa.

Gonarka ta gaskiya ita ce taro: aure, suna, addu'ar bakwai da ta arba'in, walimar dawowa daga Makka. Mahassada za su ce ba wani sabon abu ka kawo ba, roƙo ne aka sa wa batir. Wannan cin fuska ne gare ka, don ka fi maroƙi nesa ba kusa ba. Maroƙin zango wahalalle ne. Dole ya san asalin kowa: wane kakansa daga Katsina ya zo da shanu, wane Bazabarme ne, wance 'yar Kotokoli ce ta wajen uwa, gidan wane Wangarawa ne, wane jikan limamin Dagomba. In ya kuskure suna ɗaya, tsofaffin mata su yi masa ca. Yana yabonka a gaban idonka, ka ba shi abin da ya sawwaƙa, ya tafi, maganar ta bi iska. Ko zambo zai yi, akwai iyakar da ba ya ƙetarewa, don gobe ma a unguwar zai kwana. Kai ba ka bukatar sanin kakan kowa. Abin da kake bukata shi ne ka san wace Hajiya ce ta liƙa dala, wace ce ta liƙa sidi biyar-biyar tana ɓoye hannu, sai ka matso da kyamara kan hannun. Maroƙi sau ɗaya ake biyansa. Kai ana biyanka soli don ka zo, a biya ka don ka saka, sannan da daddare wani ya kira ka a hankali ya tura maka ta MoMo don ka sauke. Wace sana'a ce a ƙasar nan ake biyan mutum ladan gini da ladan rushewa a yini guda?

Jana'iza ta fi duka riba, sai dai tana son zafin nama, saboda mu Musulmi ba ma ajiye gawa makonni a firji a buga katin gayyata. Kafin azahar an sallata, kafin la'asar an dawo. Saboda haka ka riga mai wanka isa gidan. Ka ratsa ta cikin mata ba sallama, aiki ba ya son kunya. Ka samu matar mamacin a kan tabarma, ka durƙusa cikin ladabi, ka miƙa makirufo: "Hajiya, sannu da haƙuri. Ya kika ji a ranki lokacin da aka ce miki Alhaji ya cika?" In ta rufe fuska da mayafi, ka jira, hawaye ba ya ɓuya. A maƙabarta kuma ka nemi tudu, ko da kabarin wani ne, don masu kallo na Jamus da Amurka su ga saukar da gawa sosai. Zumunci kake sadarwa.

Babbar hidimarka ga al'umma, wadda ban ga an yaba maka a kanta yadda ya kamata ba, ita ce 'yantar da mu daga rufin asiri. Wanda bai zauna gidan haya a Nima ba ba zai gane nauyin wannan kaya ba. Iyali goma a tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, layin banɗaki ɗaya, bango kuwa ko tari ka yi na ɗakin gaba ya ce maka sannu. Kowa ya san ɗakin da ba a ɗora tukunya ba jiya. Kowa ya san wadda mijinta ya yi wata uku bai aiko ba, da yaron da aka kora daga makaranta, da budurwar da ta daina fitowa. Iyayenmu, saboda rashin wayewa, suka ƙulla wata yarjejeniya da ba a rubuta ba: ka ji, ka yi kamar ba ka ji ba. In abin ya yi tsanani a tura yaro da kwanon tuwo a rufe, a ce wai a ɗanɗana gishiri. In rigima ce a kai wa mai gida, in ta fi ƙarfinsa a kai wa liman ko sarkin zango, a kashe ta a zaure. Da haka dubban mutane suka rayu kafaɗa da kafaɗa shekara da shekaru, kowa da ɗan mutuncinsa. Dubi yawan labaran da aka binne! Dubi dukiyar da aka yi ta zubarwa! Sai da ka zo aka gane cewa abin da ake rufewa da kwano haja ce.

Ga kuma dogaro da kai. Shekara da shekaru mutanen zango na kukan cewa jaridun gari ba sa tuna Nima sai an yi sara ko an kama ɓarawo, har wasu samari kan sauya adireshi in za su nemi aiki. Abin takaici ne a ce ɓata sunan unguwa ma sai an jira baƙo ya zo ya yi. Alhamdu lillahi, wannan zamanin ya wuce. Da gungun samari biyu suka gwabza a Nima a Janairun 2022, kafin gidajen talabijin su ɗaura takalmi, hotunan adduna sun gama zaga duniya daga wayoyin 'yan gida. Da an bar wa baƙo, da ya nuna sau ɗaya ya manta. Ɗan gida kuwa ya san darajar kayansa, duk bayan wata biyu sai ya sake sakawa da sabon kiɗa a ƙasa. Akwai ɗakin karatu na yara a unguwar, akwai masu zanen bango, akwai 'yan mata masu haddar Alƙur'ani da masu karatun likita, amma waɗannan ba sa motsa yatsa. Mohammed Kudus ne kawai za ka riƙa taɓawa, yaron Nima da ya tashi daga Strong Tower ya kai Ajax da West Ham, ya zura wa Koriya ta Kudu biyu a Qatar a 2022. Shi ma kada ka ɓata lokaci kan filin ƙasar da ya koyi ƙwallo a kai, ko yaran da ke buga ta a can yau ba takalmi. Ka aura masa mata duk wata, ya fi kawo jama'a.

Da azumi kada ka zauna. Malam zai yi tafsiri na awa biyu, kai daƙiƙa talatin kake bukata, daga tsakiyar jimla. Ka aika wa ɓangaren Tijjaniyya abin da na Ahlus Sunna ya faɗa, ka mayar wa waɗancan da martani, ka koma gefe kana ƙirga masu kallo. Babban Limamin Ƙasa, Shaihu Usman Nuhu Sharubutu, ya kwashe shekaru yana yayyafa wa irin wannan wuta ruwa, har coci ya shiga gaisuwa a 2019 yana da shekara ɗari. Ba komai, kowa da rabonsa. Shi yana kashewa, kai kana samun abin hurawa.

Maganar kuɗi, ka yi haƙuri da farko. YouTube ba ya fara raba maka kuɗin talla sai ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo, in ya fara kuma kusan rabi nasa ne, sannan idon mai kallo daga Afirka ba shi da tsada a wajen masu talla. Kafin nan Mama za ta ci gaba da saya maka data daga cinikin koko da ƙosai, ai jari take zubawa. Ka cike giɓin da tallan gida: maganin da ke warkar da basir da ciwon suga da rashin haihuwa a kwalba ɗaya, man da ke mayar da baƙa fara kafin Sallah, malamin da ke ninka kuɗi, da ejan mai bizar aikatau a ƙasashen Larabawa. Ba ruwanka da tambayar ko hukumar abinci da magunguna ta amince. Manyan taurari ma sun yi wa Menzgold talla kafin ya rufta da kuɗin mutane a 2018, kuma har yau ana gayyatarsu biki.

Doka ma tana bayanka, kusan. Tun 2001 aka soke dokar da ke ɗaure mutum kan ɓata suna. Saura sashe na 208 na dokar laifuka ta 1960 mai hukunta yaɗa labarin ƙarya da ke tayar da hankalin jama'a, da dokar tsaron intanet ta 2020 mai hukunta yaɗa hotunan tsiraicin mutum ba da yardarsa ba. In ƙafarka ta zame, maganin sananne ne: farar jallabiya, hula, ɗan dattijo a gefe, ido a ƙasa, "sharrin shaiɗan ne, ina neman gafarar al'umma." Bidiyon neman gafara yakan fi na laifin samun masu kallo.

Abin da ya fi burge ni da kai shi ne hankalinka wajen zaɓen abokin faɗa. Ga babbar gota nan da ta ratsa tsakanin Nima da Maamobi, tana kwasar shara ta kai Odaw, kana tsallaka ta kullum, ba ka taɓa kuskuren juya kyamara wajenta ba. Ka san ruwa da wuta sun ci mutum fiye da 150 a Circle ranar 3 ga Yuni 2015, amma ba ka tsaya tambayar abin da aka gyara tun daga ranar ba. A 2017 aka kafa ma'aikatar raya zango da asusun raya zango, a 2021 aka rufe ma'aikatar. Nawa aka ware, nawa aka saki, wa ya samu kwangilar filayen ƙwallo masu ciyawar roba? Tun 2019 akwai dokar da ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta takarda ya nemi irin waɗannan bayanai daga hukuma. Sai dai takarda tana son rubutu, rubutu yana son zama, amsar kuma in ta zo lambobi ne, ba wanda ke kuka a ciki. Gara ka jira lokacin zaɓe, ka karɓi na jam'iyyar giwa da safe, ka karɓi na jam'iyyar laima da yamma, ka yi wa kowa adalci.

Kuma ka yi daidai, don mun ga ƙarshen masu taurin kai. Ahmed Hussein-Suale yaro ne Musulmi kamarka, yana aiki da Anas Aremeyaw Anas a Tiger Eye. Watanni suka yi suna tattara shaida kafin su fitar da binciken Number 12 a Yunin 2018, wanda ya kayar da shugaban hukumar ƙwallon ƙafa, Kwesi Nyantakyi. Ahmed ɓoye fuskarsa yake yi, ka ji rashin dabara, har sai da wani ɗan majalisar dokoki ya nuna hotonsa a talabijin. Ranar 16 ga Janairu 2019 wasu a kan babur suka harbe shi a Madina, yana da shekara 31. Kai kuwa fuskarka na kan kowane bidiyo, da fitila a kanta, kana yawo lafiya lau daga Kanda har Alajo, saboda ka san waɗanda ake taɓawa: bazawara, mai taɓin hankali, yarinya kayayo mai dakon kaya da barci ya kwashe a bakin kasuwa, ɗan ƙwaya da ya faɗa kwata. Cikinsu ba mai lauya, ba mai yaran babur. Jarumtar da ba ta jawo wa mutum ko ƙwarzane ai ita ce jarumta mai hankali.

Shawara ta ƙarshe, saboda na ga wani tsoho yana yawan kiranka in ka wuce ƙofar masallaci. Na san irinsu. Zai ce maka ya san 'ya'yan Malam Amadu Futa, wanda ya kafa Nima a shekarun 1930 lokacin wurin yana makiyaya. Zai ba ka labarin Nuwamban 1969, da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasar, yadda aka sayar da gidaje a kuɗin banza, yadda manyan motoci suka cika da mutanen da aka haifa a nan suna tafiya ƙasar da ba su taɓa gani ba, da sunayen waɗanda suka tafi da waɗanda suka ɓuya. Ba a rubuta yawancinsa a ko'ina ba, kuma a unguwar waɗanda suka gani da ido ba su da yawa yanzu. Zai ci maka awa uku da rabin ma'ajiyar waya, yana magana a hankali, yana tsayawa tari, ba zagi, ba kuka. Kada ka yarda. Ka gaishe shi da hannu biyu, ka ce kana sauri, Baba, sai wani jiƙon. Amma ka tabbata ka karɓi lambar jikansa, don ranar da ta faru ka riga kowa ji.